Minti Goma Kafin La'asar

Saura mako ɗaya wa'adin gwajina ya cika, aikina ya sake mutuwa karo na goma sha ɗaya. A cibiyarmu sabon ma'aikaci kwana casa'in yake yi, ranar ƙarshe mudir, wato shugaban cibiyar, ya sa hannu a takardar ɗauka ko ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ni abu ɗaya tak aka ba ni in yi a kwana casa'in ɗin, shi kuma ya ƙi yiwuwa.

Aikin shi ne kwaikwayon zirga-zirgar motocin alhazai daga tashar Kudai zuwa Harami. Ana zuba alhazan kwaikwayo dubu ɗari huɗu a babbar kwamfutar cibiyar, kowa da jakarsa da irin tafiyarsa, don a ga inda layi zai cushe tun kafin mutanen gaske su zo su cushe a wurin. Kwamfutar ba irin ta kan tebur ba ce. Injina ɗari tara ne jere a wani ɗaki mai sanyi a ƙasan bene, suna aiki tare kamar gayya. Aikina yana ɗaukar ɗari biyu da hamsin da shida daga cikinsu, yana buƙatar awa goma sha biyu ba tsayawa, kuma duk minti biyar yana rubuta abin da ya samu a rumbun ajiya. Idan ya je rubutawa ya jira har ya gaji, sai ya faɗi, abin da yake kan rubutawa ya lalace, in koma farko.

Ranar Alhamis ɗin na shiga ofishin mudir, Dakta Talal, na ce masa rumbun ajiyar ne ke shaƙe min aiki. Mutum ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya, shi ya sa ma ƙinsa ya fi ciwo. Ya jawo rahoton wata ya juyo min shi. An auna rumbun, yana haɗiye gigabait ɗari da tamanin a sakan ɗaya, haka ya yi watan jiya, haka ya yi bara. Ya ce rumbu mai irin wannan gudu ba zai kasa ɗaukar aikin mutum ɗaya ba, in koma in duba abin da na rubuta. Ya ƙara da cewa Alhamis mai zuwa yana so ya ga sakamako, in kuwa babu, hannunsa a ɗaure yake.

Abin da ke ƙona min rai shi ne ba wanda ya yi ƙarya. Lambar gaskiya ce. Amma kamar mutum ya je titin Mansur ne bayan sallar asuba ya auna faɗinsa, ya dawo ya rantse cewa ba a taɓa yin cunkoso a can ba. Rumbun shi ma gayya ne: faya-fayai sama da dubu, idan aka kawo babban fayil sai a yayyanka shi a rarraba musu, kowanne ya rubuta rabonsa a lokaci guda. Ranar Lahadin farko ta kowane wata, ƙarfe goma na safe, ana tura masa ƙaton fayil guda ɗaya, a karanta lambar da ta fito, a buga ta a takarda mai tambari. Shekara da shekaru ana yin haka, ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa sai ƙarfe goma.

Mai yin awon kuwa Baffa Kabo ne, ƙanin babana. Shi ya ɗauki takarduna da hannunsa ya kai wa Dakta Talal, ya ce ga 'yarsa, a gwada ta. Tun zamanin da ake ajiya a kan kaset yake cibiyar, saura shekara ɗaya da rabi ya yi ritaya, kuma kwamfutar ma shi ya raɗa mata suna Raƙumi, wai tana da haƙuri amma tana da riƙo.

Ranar Juma'a da hantsi ina zaune a ƙofar gidanmu a Mansur, kusa da Umma tana suyar masa. Duk unguwar da Ɗaso mai masa suka san ta, har Larabawan bayan layi suna aiko da kwano. Na rubuta lokutan da aikin ya mutu a bayan wata takarda, ina ta kallonsu ko za su yi magana. Sha biyu da minti ashirin. Uku da ashirin da takwas. Shida saura goma. Uku da ashirin da tara. Ba su da tsari, ga su nan dai kamar an watsa gero.

Umma ta miƙo min masa a faranti, ta leƙa takardar, ta ci gaba da juya tanda. Can sai ta tambaye ni wa ya ba ni lokutan sauke tandarta. Na ce ban gane ba. Ta ce ita kullum minti goma kafin kiran salla take sauke tanda ta je alwala, kuma waɗannan lambobin nata ne, ba ta buƙatar kowa ya karanta mata su.

"Ke 'yar nan, injin naku salla yake tafiya," in ji ta.

Na yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. A bangon zaure akwai kalandar nan da ake yage shafi ɗaya kullum, mai lokutan salla a ƙasa. Umma ba ta zubar da shafukan da aka yage, saboda akwai sunan Allah a jiki, tana tara su a tsohon gwangwanin madara har ranar da za a ƙona su. Na zazzage gwangwanin a kan tabarma, na jera shafukan kwana-kwana. Duka goma sha ɗayan sun faɗa minti goma kafin kira, ba ƙari ba ragi. Inda La'asar ta matsa da minti ɗaya, mutuwar aikin ma ta matsa da minti ɗaya. Na kuma lura cewa daga Isha zuwa Asuba, tazara mafi tsawo ke nan, awa goma ce da 'yan mintuna. Aiki mai neman awa goma sha biyu ba shi da inda zai ɓuya.

Umma ta ce in tattara mata shafukanta yadda na same su, kuma in ci masar nan kafin ta huce.

Da safiyar Lahadi na gano tushen abin cikin rabin awa. A cibiyar ba wanda ke rubuta umarnin tura aiki daga farko. Kowa yana kwafar samfuri daga wanda ya tarar, shi ma daga wanda ya tarar, ni ma haka aka ba ni ranar da na zo kuma ban karanta shi har ƙasa ba, wannan laifina ne. A can ƙasa akwai layi uku da ke duba jadawalin salla, su umarci aiki ya ajiye duk abin da yake riƙe da shi minti goma kafin kira. A samansu an bar ɗan rubutu: a ajiye komai kafin salla, Kabo, 1430, wato shekarar Hijira.

Ma'ana sau biyar a rana, a sakan ɗaya, ayyuka sama da ɗari uku suna rugawa rumbu, kowanne da dubban ƙananan fayiloli. Faya-fayan suna da yawa, amma akwai inji ɗaya da ke riƙe da rajista, shi ya san inda kowane yanki yake, kuma duk mai buɗe fayil sai ya bi ta gabansa. Ƙaton fayil ɗaya na ƙarfe goma sau ɗaya yake gaishe shi ya wuce. Fayiloli miliyan kuwa layi suke yi.

Na sami Baffa a ɗan lungun da ake dafa shayi, yana tsoma ganyen na'ana'a a kofi. Na gaishe shi, na tambayi mutanen gida, na jira ya kurɓa, sannan na nuna masa layukan a waya. Ya kalle su kamar wanda aka nuna wa hoton ƙuruciyarsa. Ya ba ni labari cewa a shekarar, na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya ana tsakiyar La'asar, kowa yana masallaci, kafin a dawo injinan sun kashe kansu saboda zafi. Wani ɗalibi ya yi asarar aikin kwana tara, ya zauna a kan matakala yana kuka da hawaye. A ranar ya rubuta layukan nan, kuma tun daga nan ba wanda ya sake asarar ko awa ɗaya.

Na ce masa a lokacin injina nawa ne. Ya ce takwas. Na ce yanzu ɗari tara ne.

"Ya binti, 'yata, rumbun ma ai ya girma. Ɗari da tamanin fa. Ina wannan awon tun kafin ki iya ɗaura ɗankwali."

"Baffa, ƙarfe goma kake yi."

"To da ƙarfe nawa mutum zai yi aiki?"

Ya ba ni shawara irin ta masu son mutum: in gutsuttsura aikin ya zama ƙanana yadda kowanne zai shiga tsakanin Asuba da Azahar, in haɗa su daga baya. Ya ce kowa haka yake yi, kowa ya san Raƙumi ba ya son dogon aiki, kuma ba wanda ya mutu. Nan ne raina ya ɓaci sosai. Mutum arba'in masu digiri a gini ɗaya, duk sun lanƙwasa aikinsu ya dace da ciwon da ba su taɓa tambayar sunansa ba, suna kiran abin halin inji. Na danne, na ce gutsuttsura nawa zai ci sati uku, ni kuwa kwana huɗu gare ni. Ya ce Allah yana nan. Layukan kuwa ba zai goge ba, halas, wato magana ta ƙare.

Na goge su daga nawa samfurin na sake turawa. Ya mutu kafin La'asar, don ko ban shiga rububin da ƙafata ba, rububin yana tare min hanya. Ranar Litinin ya sake mutuwa. Goma sha uku ke nan.

Da safiyar Talata na koma wurin Baffa, na gaya masa abin da zan yi kafin in yi shi, don kada ya ji a bakin wani. Zan roƙi Dakta Talal ya sauko ƙarfe uku da kwata, in yi awon Baffa a gabansa, ba zan canza ko harafi ɗaya ba, lokaci kawai zan canza. Ya juya cokali a kofinsa. Sannan ya ce in yi, lambarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba, kuma shi ma zai zo ya ga yadda yaran zamani ke koya wa kaza tono.

Dakta Talal ya sauko da kofin gahawarsa. Muka tsaya mu uku a ɗakin da ke da gilashi, inda ake hango injinan suna ƙyafta fitilu. Ƙarfe uku da kwata na tura awon. Ɗari da tamanin da ɗaya. Baffa ya gyara zaman hularsa. Dakta ya duba agogo, ya ce Muhandisa, wato injiniya, ko akwai wani abu kuma? Na roƙe shi minti goma sha shida.

Dogayen mintuna ne. Baffa ya cika su da labarin wani mai gyaran na'urar sanyi ɗan unguwar Nakkasa da ya taɓa kwana uku yana neman ɓeran da bai wanzu ba, Dakta yana dariya, ni kuwa idona yana kan agogo. Na san lissafina daidai ne, amma na kuma san cewa inji yana iya zaɓar ranar da mutum ya tara jama'a ya yi lafiya lau.

Uku da talatin da ɗaya na sake turawa. Awon da ke gamawa kafin a ajiye kofi ya tsaya yana jan ƙafa. Minti ɗaya, biyu, huɗu. Sannan lamba ta fito: uku.

Dakta ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya tambaya ko akwai sifilin da ya ɓace. Na ce babu. Na yi masa bayani da yaren aikin da ya ba ni: a ce Kudai tana da mota dubu a jere, amma ƙofar shiga ɗaya ce, kuma an gaya wa kowane alhaji ya zo a minti ɗaya. Na nuna masa layukan uku, na rufe rubutun da ke samansu da yatsa kamar ba da gangan ba.

Ya tambayi wanda ya rubuta su.

Ban shirya wa wannan ba. Idan na faɗa, na tsaya a gaban baƙo na nuna ƙanin ubana da yatsa, mutumin da ya kawo ni. Idan na yi shiru, Dakta zai iya ɗauka ban san tushen abin ba, rabin bincike na kawo masa. Ina cikin wannan Baffa ya ajiye kofinsa.

"Ni ne, Dakta. Shekarar da sanyi ya tsaya. Kai ma kana nan."

Dakta Talal ya dubi Baffa. Sai na ga kunnuwansa sun yi ja.

"Kwana tara," in ji shi a hankali.

"A kan matakalar can ka zauna. Ka ce min, ya Ammu Kabo, ka yi wani abu kada wannan ya sake faruwa da kowa. To na yi."

Dakta ya rufe fuska da hannu ɗaya yana dariya, irin dariyar wanda aka tono. Daidai nan ladanin masallacin cibiyar ya ɗaga murya, suka fita tare, Baffa yana gaba, ni na nufi ɓangaren mata ban san ko na ci ko na faɗi ba.

Bayan salla Dakta ya yanke hukunci a tsaye a baranda. Layukan ba za a goge su ba, don shi ma ba zai iya barci ba in aka goge. Wa'adina kuma ba zai ƙara ko kwana ɗaya ba, don ba shi ya kafa dokar ba. Tsakanin waɗannan biyun, in yi duk abin da na ga dama, kuma Ustaz Kabo zai ba ni mabuɗin samfurin kowa.

Ranar Laraba muka wuni a kai, ni da Baffa, a tebur ɗaya. Dabarar ba ta da wuya: maimakon kowa ya ajiye a sakan ɗaya, sai a raba ayyukan rukuni-rukuni, na farko ya fara awa ɗaya kafin kira, na gaba ya biyo bayan minti biyu, haka har a gama. Wahalar tana wurin Baffa. Ya kafe cewa rukunin ƙarshe dole ya gama kafin ladan ya buɗe baki, ko da sakan ɗaya ne. Na ce inji ba ya alwala. Ya ce shi yana yi, kuma ba zai tsaya a sahu zuciyarsa tana ƙasan bene ba. Muka yi ta ja har na bar masa minti biyar. Ya kuma gyara min kuskure biyu da na yi a lissafin jadawalin ranar Juma'a, ya yi tari sau biyu yadda zan ji.

Ƙarfe huɗu na yamma na tura aikin, na tafi gida. Zai ratsa Magariba da Isha, in ya tsira ya gama kafin Asuba. Umma ta hana ni taɓa waya a kan abinci.

Da safiyar Alhamis na tarar ya gama. Awa goma sha ɗaya da minti hamsin da biyu. Alhazaina dubu ɗari huɗu duk sun isa, sai dai a kwaikwayon sun cushe a wata kwana da ba wanda ya zata, abin da aka ɗauke ni in gano ke nan tun farko. Na buga sakamakon na hau sama.

Dakta Talal ya karanta, ya yi tambaya uku, ya jawo takardar ɗauka ya sa hannu. Shekara ɗaya, ana sabuntawa. Tun tawadar ba ta bushe ba na ce masa saura rahoton wata: lambar ƙarfe goma ba ta gaya wa kowa komai, a cire ta a sa ta lokacin cunkoso. Ya ce masu karanta rahoton a sama sun saba da ɗari da tamanin, in suka ga ta sauka za su aiko kwamiti. Na ce to su aiko. Ya ce Muhandisa, minti biyu ke nan da ɗaukarki. A ƙarshe ɗari da tamanin ta zauna a inda take da manyan haruffa, tawa ta shiga ƙarƙashinta da ƙanana, kuma awon ya dawo hannuna, sau biyar a rana, da manyan fayiloli da ƙanana. Ban gamsu ba, na kuma gaya masa ban gamsu ba. Ya ce ya lura.

Na sami Baffa a lungun shayi. Ya ga takardar a hannuna, ya ce mabruk, wato barka, ya zuba min kofi ba tare da na roƙa ba, abin da bai taɓa yi ba. Na fara ba shi haƙuri a kan ranar Talata, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce tunda yanzu awon nawa ne, akwai abin da ya kamata in sani. Layuka ukun da na gani na sauran watanni ne. Akwai wasu bakwai a wani wuri dabam, ba sa tashi sai da azumi, su kuma kafin buɗa-baki suke aiki, da kafin tarawihi, da kafin sahur.

Na tambaye shi a ina suke.

Ya ce shekara goma sha biyar ke nan, shi ma sai ya nema. Ya kurɓi shayinsa, ya ce in kawo kujerata kusa da tasa ranar Lahadi, kuma in zo da na'ana'a, tasa ta ƙare.